Shawara: Wane lens zan saya don hoton duwatsun Baba?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Jos, ina taimaka wa mahaifina a sana'arsa ta duwatsu masu daraja: safaya, tomalin, akwamarin, wani lokaci tofas. Yanzu yawancin cinikinmu ta WhatsApp ake fara shi, da masu saye a Bankok ta Tailan da Jaifur ta Indiya da wasu a Abuja, kuma ni ne mai ɗaukar hoton kayan. Ina da Canon 700D da lens ɗin da ya zo da ita, 18-55mm. Dutsen yana fitowa ƙarami, in na yanke hoton don ya girma sai ya yi dishi-dishi. Kwanan baya wani mai saye ya dawo mana da safaya, ya ce launin da ya gani a hoto ba shi ya gani a hannu ba. Baba bai yi mini faɗa ba, amma tun daga ranar ya daina kirana idan kaya sun zo. Na roƙe shi kuɗin lens ɗin makro, wato mai ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, ya ba ni, ya ce na ƙarshe ke nan da zai kashe a kan kyamara. Abokina ya ce in ba Canon 100mm mai jan zobe ba kada in sayi komai, shi kuwa ko na hannu ne zai cinye kuɗin kaf. Wani mai shago a Abuja ya ce in ɗauki 70-300mm da aka rubuta Macro a jikinsa, ga araha ga ɗaukar nesa. Kawuna kuma ya ce wa Baba hoto mai kaifi zai tona aibin dutse ya karya farashi. Na rasa yadda zan yi. Ina tsoron in ɓatar da kuɗin in ƙara zubewa a idon Baba. Ƙaninka, daga Jos.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa albarka a kasuwa.

Matsala biyu ce a wasiƙarka, kai kuma kana shirin zuba kuɗin duka a kan guda ɗaya. Ta farko, dutse yana fitowa ƙarami kuma cikinsa ba ya bayyana. Wannan aikin lens ne, makro zai magance ta. Ta biyu ita ce launi, kuma ita ce ta sa aka dawo da safayar, ita ce ta sa Baba ya ja baya. Wannan babu lens ɗin da zai gyara ta. Ko mai jan zoben ka saya, muddin kana ɗauka a ƙarƙashin ƙwan ɗaki da saitin da kyamara ta zaɓa wa kanta, za a sake dawo muku da kaya. Don haka ga abin da nake ba ka shawara: ka nemi makro na gaskiya mai tsawon 90 zuwa 105mm, na hannu mai lafiya, wanda ba mai jan zobe ba, abin da ya rage ka sayi ƙafar kyamara mai ƙarfi da kayan haske. Bari in yi maka bayanin dalili, domin ka iya tsayawa a gaban mai shago ba tare da ya juya ka ba.

Abin da za ka fara dubawa a jikin lens shi ne lamba 1:1. Ma'anarta, a kusancinsa na ƙarshe, abin da kake ɗauka zai sauka a kan sensar kyamara, wato ɗan farantin da ke karɓar hoton a cikinta, da ainihin girmansa. Sensar 700D faɗinta milimita 22.3 ne, tsayinta 14.9, kuma fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, guda 5184 ne jere a faɗin. Yankakkiyar safaya mai zagaye ta karat ɗaya faɗinta wajen milimita 6 ne. A 1:1 za ta ci fiksel kusan 1,400, wanda ya ishi mai saye ya buɗe hoton ya leƙa cikinta. Lens ɗinka na 18-55mm iyakarsa wajen kashi ɗaya cikin uku na ainihin girma, wato wannan safayar ba za ta wuce fiksel kusan 500 ba. Shi ya sa in ka yanke sai hoton ya watse. Ba hannunka ba ne, lens ɗin ne ya kai iyakarsa. Amma kada ka yar da shi: idan tarin ɗanyen dutse za ka ɗauka a kan tire, shi ne daidai aikin.

Maganar 70-300mm kuwa, ka bar ta. Irin waɗannan na Tamron da Sigma da aka rubuta Macro a jikinsu iyakarsu 1:2, rabin girma, kuma sai ka miƙe su zuwa 300mm ka tsaya santimita 95 daga dutsen. A wannan tsawo ne suka fi rauni. Hoton yana laushi, ɗan motsi kaɗan yana girgiza shi, kuma a gefen duk inda haske ya yi ƙyalli sukan saka wani zare mai ruwan shunayya wanda babu shi a jikin abin. Mai ɗaukar fure zai iya haƙuri da wannan. Kai da kake sayar da launi, lens ɗin da ke ƙara wa dutse launin da ba nasa ba abokin gaba ne, komai araharsa.

Sai tsawon lens. Makro na 35mm da na 60mm da na 100mm duk suna kai 1:1, kuma a can girman dutsen ɗaya zai fito. Bambancinsu shi ne tazarar da ke tsakanin bakin lens da dutsen. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin lambar da kamfani ke rubutawa daga sensa ake auna ta, daga wannan ƴar alamar da'ira mai layi a tsakiya da ke saman kyamararka, ba daga bakin lens ba. Canon EF-S 35mm yana barin kusan santimita 3 kacal. EF-S 60mm yana barin wajen 9. EF 100mm yana barin wajen 15. Ga mai dutse wannan tazarar ita ce komai. Yankakken dutse fuskokinsa madubi ne, duk abin da ke gabansa sai ya nuna. In baƙin lens ya matso har hancinsa, sai ya tare haske, kuma baƙinsa ya shiga cikin dutsen ya duhunta shi, safaya mai haske ta fito kamar mai duhu. Da santimita 15 kana da wurin shigo da haske ta gefe, da wurin sa hannu ka juya dutsen da hantsaki ba tare da ka bugi gilashi ba. Shi ya sa na ce 90 zuwa 105. Na 60mm ba laifi gare shi, yana da kaifi, ba shi da nauyi, kuma in shi ka samu da lafiya a farashi mai sauƙi ba ka yi asara ba. Sai dai ka sani EF-S ba ya hawa manyan kyamarorin Canon irin su 5D da 6D, in wata rana ka koma can.

Abokinka bai yi ƙarya ba, mai jan zoben lens ne na ƙwarai. Shi ne EF 100mm f/2.8L Macro IS USM, ya fito a 2009. Amma ka duba abin da ake biya a cikinsa. Babban abin da ya ɗara ɗan'uwansa da shi, wato EF 100mm f/2.8 Macro USM na shekarar 2000, shi ne na'urar rage rawar hannu da kuma kariyar ƙura da yayyafi. Na'urar rage rawa ta mai bin malam-buɗe-littafi ce a Dutsen Shere, ko mai ɗaukar zoben amarya a tsaye cikin cunkoson biki. Kai kyamararka a kan ƙafa za ta zauna, a kan tebur, dutse kuma ba ya gudu, don haka a kashe za ka bar ta. Kariyar yayyafi kuma rabin amfani gare ta, tunda ita 700D ba ta da irinta. A f/8 ko f/11, lambobin da ke nuna yadda aka matse ƙofar hasken lens, inda aikinka zai kasance, in an ajiye maka hotunan biyun zai yi wuya ka ce ga na wannan ga na wancan. To me zai sa ka biya kuɗin abin da ba za ka kunna ba, ka dawo gida ba ka da ko na fitila? Wannan na 2000 ɗin shi ne zaɓina gare ka. Tsawonsa ba ya canzawa idan yana saiti, wato daidaita kaifin hoto, kuma hakan yana sauƙaƙa tsara haske. Ka lura akwai wanda ya girme shi, na 1990, wanda babu USM a sunansa kuma yana miƙewa waje. Shi ma yana kai 1:1, amma kada a sayar maka da shi a farashin ƙaninsa.

In ba ka samu wannan ba, Tamron 90mm f/2.8 da Sigma 105mm f/2.8 da Tokina 100mm f/2.8 duk za su yi maka aikin, in dai masu bakin Canon EF ne. Akwai kuma waɗanda za ka ji ana yabo amma ba naka ba ne yanzu. Canon 50mm f/2.5 Compact Macro iyakarsa 1:2. MP-E 65mm daga 1:1 yake farawa ya kai ninki biyar, ba ya ɗaukar komai da ya fi sensar girma, na masu ɗaukar hoton idon ƙuda ne. Zobban ƙara tazara da ake sawa tsakanin kyamara da lens, masu zuwa uku a haɗe, 12 da 20 da 36mm, suna da araha kuma suna kawo kusanci, amma a kan 18-55mm za su kai ka har hancin dutsen, matsalar haske ta dawo. Na koyo ne, ba na ciniki ba.

Da yake na hannu za ka saya, kada ka tura kuɗi a aiko maka a mota. Ka je da ƙafarka, ko Banex ne a Abuja ko wajen wani mai hoto a nan Jos, ka tafi da kyamararka da rula da ƙaramar tocila. Ka cire murfin gaba da na baya ka haska ta ciki kana kallo ta ɗaya gefen. Ƴar ƙura ba komai ba ce, kowane tsohon lens yana da ita. Abin gudu shi ne fumfuna, wadda za ka gani tana rassa a jikin gilashin, da kuma hazo da ya lulluɓe shi. Ka juya zoben saiti daga farko har ƙarshe ka ji ko yana cijewa. Ka ɗora shi a kyamara ka ɗauka a f/2.8, ka ɗauka a f/11, ka ɗauka a f/22, domin wasu tsofaffin lens-lens da ba na Canon ba sukan yi lafiya a buɗe, da zarar an matse ƙofar haske kyamara ta nuna kuskure ta tsaya. Daga nan ka ajiye rular ka matso iyakar kusanci. In kana ganin milimita 22 daga gefe zuwa gefe, 1:1 ne. In 44 kake gani, rabi ne, ko me aka rubuta a kwalin. Ka karɓi rasit mai lambar lens ɗin. Kafin ma ka kai ga saye, Jos ba ta rasa masu kyamara ba, nan Hukumar Fina-finai ta Najeriya take da makarantarta ta koyon fim, nan kwalejin talabijin ta NTA take, ga masu hoton biki. Ka nemi wanda zai ara maka ko ya ba ka hayar 100mm na yini guda ka gwada a kan kayanku.

Akwai abin da zai ba ka mamaki ranar farko, gara ka ji shi tun yanzu don kada ka zaci an cuce ka. A 1:1 wurin da ke fitowa da kaifi siriri ne ƙwarai. A kyamararka, ko a f/11 bai kai milimita ɗaya ba, alhali safayar karat ɗaya zurfinta ya kai wajen milimita 4. Za ka ga saman dutsen tar, ƙasansa dishi-dishi. Haka kowane makro yake, mai tsada da mai araha. Kuma matse ƙofar haske zuwa f/22 ko f/32 ba mafita ba ce, domin a can hoton gaba ɗaya yake laushi, ga shi a 1:1 hasken da ke isa sensa ya riga ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Mafita biyu ce. Ta yau da kullum, ka ɗan ja baya zuwa 1:2, zurfin kaifin zai ninka sau uku, kuma da yake lens ɗin mai kaifi ne za ka iya yankewa hoton bai watse ba. Kana iya cewa ai 1:2 ɗin ne na hana ka a 70-300mm. Lambar ɗaya ce, hoton ba ɗaya ba ne, kuma kai kana da 1:1 a ajiye don ranar da kake son nuna abin da ke cikin dutse. Ta biyu, don dutse mai tsada da ya cancanci wahala, ka ɗauki hotuna da yawa kana matsar da saitin kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa, ka haɗa su a kwamfuta da manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ko Photoshop, su zama hoto ɗaya mai kaifi ko'ina.

Duk wannan ba ya yiwuwa a hannu. Numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da dutsen daga saiti. Ka sayi ƙafa mai nauyi wadda kanta ba ya sunkuyawa bayan ka ɗaure, ko da ta hannu ce. Ka mayar da lens ɗin saitin hannu, ka kunna kallon allo, ka girmama sau 10, ka saita a kan fuskar saman dutsen. Ka sa ISO, wato ƙarfin karɓar hasken sensa, a 100, ka sa jinkirin daƙiƙa biyu don hannunka ya bar kyamara kafin ta ɗauka.

Yanzu launi, wanda shi ne ainihin ciwonka, kuma abin daɗi shi ne za ka iya fara maganinsa gobe da lens ɗin da ke hannunka, ba ka kashe ko sisi ba. Haske iri ɗaya tak ya kamata ya faɗa kan dutse. In hasken taga yana shigowa ga kuma ƙwan ɗaki a kunne, kyamara ba za ta iya daidaita biyun ba, gefe ɗaya zai yi ja-ja ɗaya ya yi shuɗi-shuɗi. Ka kashe ƙwan. Ka zaɓi taga wadda rana ba ta dukanta kai tsaye, ka riƙa aiki daga hantsi zuwa kafin la'asar, domin hasken asuba da na yamma ja ne. In fitila za ka saya, ka nemi mai hasken rana, wajen 5500K, wadda aka rubuta CRI 95 ko sama a jikinta, wato ma'aunin yadda fitila ke nuna launi daidai. Fitilun caji na kasuwa suna cinye wasu launuka, kuma haskensu yana sauka yayin da batir ke sauka. Tsakanin haske da dutse ka sa farar takarda mai shara-shara ko farin ƙyalle, don ƙyallin ya yi laushi. Filashar kan kyamara kuwa ka manta da ita.

Ka sayi katin ruwan toka na masu hoto. Duk ranar aiki ka fara ɗaukarsa a daidai wurin da dutsen zai zauna, ka shiga jerin saituna ka gaya wa kyamara ta ɗauki farinta daga wannan hoton, wato ta daidaita launuka da shi. In ka bar ta a kan zaɓin kanta, za ta ga shuɗi ya yi yawa ta yi ƙoƙarin rage shi, ko ta ga farin tire ta duhunta komai. Salon hoto kuma ka cire shi daga Standard ko Landscape, waɗanda ke ƙara wa shuɗi da kore armashi, ka mayar Neutral ko Faithful. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, ka buɗe da Digital Photo Professional, manhajar Canon ce kuma kyauta ce ga mai kyamararsu. Idan ka zo gyara, dutsen yana gefenka a cikin hasken nan, burinka hoton ya yi kama da shi, ba ya fi shi kyau ba. Ina jaddada wannan domin hannu yana son ƙara ɗan shuɗi, kuma wannan ɗan ƙarin shi ne ake biya da kuɗin dawo da kaya.

Wani abu kuma da Baba ya sani sarai: safaya da tomalin launinsu yana canzawa gwargwadon inda ka kalle su. Shuɗiyar safaya ta wani gefe tana ɗaukar ruwan shunayya, ta wani gefen tana ɗaukar kore-kore. Tomalin kan yi haske ta gefe ya yi duhu ta tsawonsa, wani har ya rufe. Hoto ɗaya ta gefe mafi kyau, ko da launinsa daidai ne, bai faɗi duk gaskiya ba. Ka ɗauka ta sama, ta gefe, ta ƙasa, ɗaya a kan fari ɗaya a kan ruwan toka, ɗaya da rula a gefe, sannan gajeren bidiyo kana juya shi a hankali. Ɗanyen dutse kuma ka ƙara masa ɗaya da haske ta bayansa. Kafin duk wannan ka goge shi ka hure shi da robar hura iska ka daina taɓa shi da yatsa, domin a makro ƙwayar ƙura tana fitowa kamar tsaga, ka karya wa kanka farashi a banza.

Kawunka yana da gaskiya ta wani gefe, kada ka yi masa musu a gaban Baba. Makro yana nuna abin da ido ba ya gani, kuma duwatsu masu launi da ido ake fara auna tsabtarsu. Ɗigon da ba wanda zai lura da shi a zobe yana iya cika rabin allon waya. Shi ya sa kada ka tura hoton kusa shi kaɗai, ka fara da wanda ke nuna dutsen yadda ido ke ganinsa, na kusa ya biyo baya. Amma ɓoyewa ba ta tsare farashi. Mutumin Bankok ko Jaifur da gilashinsa mai girmamawa sau 10 zai tarbi kayan, abin da hoto bai nuna ba zai gani cikin minti guda, daga nan ko ya dawo da su ko ya zaftare kuɗin, kuma gobe duk abin da kuka tura sai ya cire na zargi kafin ya taya. Kuma ba kowane abin da ke cikin dutse ne aibi ba. Siraran allurai da ake samu a wasu safaya, in suna nan lafiya ba su narke ba, alama ce ba a ƙona dutsen da wuta mai tsanani ba, wanda ba a ƙona ba kuwa ya fi daraja. Abin cikin dutse ne kuma ke taimakawa wajen raba na ƙasa da gilashi ko na haɗi. Hoto ba zai maye takardar ɗakin gwaji irin na GIA, cibiyar tantance duwatsu masu daraja, da ke Bankok ba, amma yana sa mai saye ya ɗauki maganarku da muhimmanci tun kafin kaya su tashi. Sannan mu da muka yi imani, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Hakim ɗan Hizam cewa mai saye da mai sayarwa in sun yi gaskiya sun bayyana za a sa albarka a cinikinsu, in sun ɓoye sun yi ƙarya za a shafe albarkar. A cinikin da ake yi daga nesa, hotonka shi ne bayanin.

Shirun Baba ya fi damunka da lens ɗin, na gani a wasiƙar. Mutumin da ya ciro kuɗi ya ba ka bayan abin da ya faru bai fitar da rai da kai ba. Sunansa ne ya taɓu a wajen abokin ciniki, kuma a wannan sana'a suna shi ne jari, shi ya sa yake taka-tsantsan. Kada ka je masa da bayanin fiksel da milimita, gani ya kori ji. Ka ɗauki dutse guda ka gyara haskensa yadda na faɗa, ka kai masa hoton da dutsen tare, ka ce, Baba duba mini, ya yi daidai ko akwai saura? Idonsa ya fi kowane kati sanin launin safaya. In ya ce ya yi duhu ka gyara a gabansa, in ya ce shuɗin ya yi yawa ka rage. Ka mayar da shi doka cewa babu hoton da zai fita sai ya gani ya amince. Ta haka nauyin ba ya kanka kai kaɗai, kuma za ka koyi abin da ba a rubuce yake ba. Idan ka sayo kayan ka kawo masa rasit da canjin da ya rage, komai ƙanƙantarsa, ka bar shi ya yanke abin da za a yi da shi.

Idan za ka tura wa mai saye, ka tura hoton a matsayin fayil, kada ka tura shi yadda ake tura hoton gaisuwa, domin WhatsApp yana matse hoto ya zubar da kaifin da ka sha wahala a kai. Ka haɗa da guda ɗaya wanda katin ruwan toka ya fito a gefe, saboda allon wayarsa ba lallai ya yi daidai da naka ba, katin zai nuna masa inda nasa ya karkata. Ka rubuta nauyi da karat, da awo da milimita, da irin hasken da aka ɗauka a ciki.

Lens ɗin kuma ka kula da shi da yanayin garinmu. Daga Afrilu zuwa Oktoba damshin Jos yana haifar da fumfuna a gilashin da aka bari cikin jaka a ƙasan wadirof. Ka nemi robar abinci mai rufewa ruf, ka sa shi ciki da ƙunshin silika mai tsotse damshi, ka riƙa busar da silikar ko ka canza ta idan ta jiƙe. Da hunturu kuma ka rage cire shi daga jikin kyamara, in za ka cire ka yi a ɗaki tana kallon ƙasa, domin a f/11 duk ƙurar da ta sauka kan sensa sai ta fito baƙin ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto.